A bambanta "da ƙarfi" da "a hankali" a fassarar kalmomin sauti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu tattauna wani abu da ake yi wa kallon ƙarami, alhali yana ɓata fassara a labarai da littattafan makaranta, yana kuma jawo rashin fahimta har a ɗakin likita. Muna nufin kalmomin da ake faɗin ƙarfin sauti da su. Mai fassara yakan ɗauki kalma ɗaya ta Turanci ya sa mata "ƙara" a duk inda ya gamu da ita, ko ya ga "sama" a rubutun Larabci ya ɗauka zancen siririyar murya ake yi. Gyaran ba shi da wuya idan an san inda kowane harshe ya ɗauko kalmarsa.

Hausa ba ta da sifa guda wadda aikinta kawai faɗin cewa sauti ya cika kunne. Bahaushe aron ƙarfi yake yi, ya ce yi magana da ƙarfi, ya buga ƙofa da ƙarfi. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin gibi, suna ganin tunda Turanci yana da "loud", Jamusanci yana da "laut", to Hausa ce ta gaza. Ba haka ba ne. Faransanci, wanda 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka yi karatu da shi, hanyar Hausa ya bi sak: "parle plus fort" ma'anarsa yi magana da ƙarfi, kuma "fort" ɗin nan shi ne dai ake faɗa wa ƙaƙƙarfan mutum. Mutanen Italiya "forte" suke cewa. A harshen Hindi ana cewa "zor se", wato da ƙarfi, kamar yadda duk mai kallon finafinan Indiya ya sha ji.

Wasu harsunan kuma girma suka ara. Basine yana cewa "da sheng", babbar murya, Bajapane yana cewa "ookii koe", ita ma babbar murya, haka mai jin Swahili zai ce "kwa sauti kubwa". Mutanen Indonesiya da tauri suke kwatantawa, su ce "keras", kalmar da suke faɗa wa dutse. Rashawa daga tsawa suka samo tasu: "grom" ita ce tsawa, "gromko" kuma da ƙarfi. Wannan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, tunda mu ma tsawar hadari muka ara muka ce uba ya daka wa ɗansa tsawa. Sai kuma masu aron tudu: Larabci da "sautun alin" ko "murtafi'", Turkanci da "yüksek ses", Sifaniyanci da "alto", da Yarbanci da "soro soke", kalmar da ta karaɗe Najeriya lokacin zanga-zangar watan Oktoba na 2020. Hausa ma tana da ƙafa a wannan layi, domin muna ɗaga murya, muna kuma yin magana ƙasa-ƙasa.

Wannan aron tudun shi ne tushen rikicin da ya fi yawa, domin sama da ƙasa suna da wani aiki dabam a zancen sauti. Akwai abubuwa biyu da kunne ke rarrabewa. Na farko ƙarfin sauti, wanda ke tafiya da yawan matsin da iskar ke yi wa dodon kunne. Na biyu siranta ko kaurin sauti, wato saurin girgizar abin da ke fitar da shi. Kunnen matashi mai lafiya yana kama girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya. Mai saurin girgiza ita ce siririya kamar kukan sauro, mai jinkirin girgiza ita ce kakkaura kamar rugugin tambari. Sauro siririn sauti gare shi amma ba ƙarfi. Babbar mota kakkauran sauti gare ta kuma da ƙarfi. Turanci yana kiran siririn sauti "high", kakkaura kuma "low". Larabci yana kiran ƙaƙƙarfan sauti "alin". Duka biyun idan aka bi su kalma da kalma "sama" za su ba da, alhali abubuwa biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Hausa ta riga ta raba su da kanta, domin muna cewa siririyar murya da kakkaurar murya, kamar yadda Turkawa ke cewa "ince" da "kalın", Farisawa ma suna amfani da siriri da kauri. Bai kamata mu zubar da wannan rabewa mu koma bin "sama" ido rufe ba.

Wanda yake son ya ga bambancin da idonsa ya tsaya kusa da mai kalangu. Hannunsa na dama yana riƙe da makaɗi, hammatarsa ta hagu tana matse tsarkiya. Idan ya matse, fatar ta ɗaure, sautin ya sirance. Idan ya saki, fatar ta saki, sautin ya yi kauri. Wannan aikin hammata ne, ba ruwansa da ƙarfi. Ƙarfin yana hannun da ke dukan: ya sauke makaɗin da nauyi a ji shi a ƙarshen unguwa, ya taɓa shi kaɗan sai na kusa ya ji. Zai iya matse tsarkiya ƙam ya yi ɗan taɓi, ya fitar da siririn sauti marar ƙarfi. Malaman Hausa da ke koyar da karin sauti su riƙa kawo wannan misali a aji, domin kuskuren da ɗalibai suka fi yi ke nan. Ana ce musu gaɓa tana da karin sama, sai su ɗaga murya a kanta, su danne ta da ƙarfi kamar yadda ake danna gaɓa a Turanci. Maganinsa a sa ɗalibi ya rufe baki ya fitar da karin kalmar ta hanci, ko ya yi fito da ita, ba tare da ya ƙara iska ba. A gwada da "fata" ta jiki da "fata" ta alheri: ta jiki tana sauka a gaɓar ƙarshe, ta alheri ba ta sauka. Idan ɗalibi ya iya faɗinsu duka biyu ƙasa-ƙasa aka kuma gane wacce yake nufi, ya fahimci cewa karin sama ba ihu ba ne.

Sai kalmar "a hankali", wadda ta fi kowace jawo matsala a aikace. Tana nufin kada a yi sauri, tana nufin kada a ɗaga murya, tana kuma nufin a yi hattara. Faransanci yana da irin wannan a "doucement", Italiyanci kuma a "piano". Daga nan ma sunan kayan kiɗan nan fiyano ya fito. Bartolomeo Cristofori, wanda ya ƙera shi a birnin Florence wajen shekarar 1700, ya yi abin da zai iya ba da sauti "piano e forte", wato a hankali da kuma da ƙarfi, gwargwadon yadda yatsa ya danna. Har yau masu rubuta kiɗa a duniya da harufan p da f suke nuna wa makaɗi inda zai sassauta da inda zai ƙarfafa. A hira ta yau da kullum ba a cika ruɗewa ba, domin halin da ake ciki yana fayyace nufi. A rubutu da umarni ne ake faɗawa rami. Takardar wayar da kai ta ce a yi wa tsoho mai raunin ji magana "a hankali", marubucin yana nufin kada a yi sauri, mai karatu kuma ya sassauta murya, tsohon ya ƙara shiga duhu. Idan rage sauri ake nufi a rubuta "dalla-dalla" ko "ba da sauri ba". Idan rage ƙarfi ake nufi a rubuta "ƙasa-ƙasa" ko "a sassauta murya". A bar "a hankali" ga inda ba za ta haifi ma'ana biyu ba.

Haka nan akwai bambanci tsakanin da ƙarfi da a bayyane. Turanci yana da "aloud" dabam da "loudly", Faransanci yana da "à haute voix" dabam da "fort". Idan littafin firamare ya ce yaro ya karanta "aloud", ba ihu ake so ya yi ba, ana so ne ya furta a ji, kishiyar karatun zuci. Fassararsa "karanta a bayyane" ko "a fili". Inda aka fassara shi "da ƙarfi", aji na yara sittin yakan koma gasar maƙogwaro, malami ba ya jin kuskuren kowa.

A wannan fanni malaman fiƙihu sun riga kowa tsara ma'auni, kuma duk wanda ya yi zaure ya san shi. Ana bayyana karatu a sallar Asuba da raka'o'i biyun farko na Magariba da Isha'i, ana asirtawa a Azahar da La'asar. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin asirtawa shi ne motsa harshe, iyakarta kuma mutum ya jiyar da kansa. Mafi ƙarancin bayyanawa shi ne ya jiyar da kansa da wanda ke kusa da shi. Wanda ya manta ya asirta a wurin bayyanawa ƙabli zai yi, wanda ya bayyana a wurin asirtawa kuma ba'adi. A lura da yadda aka auna abin da kunnen mai saurare da nisansa, ba a ce a ƙure murya ba. Aya ta 110 a suratul Isra'i ta yi umarni da a nemi tsaka-tsaki tsakanin bayyanawa da ɓoyewa, aya ta 19 a suratu Luƙman kuma ta kawo wasiyyar sassauta murya. Saboda haka fassara "jahri", kalmar Larabci ta wannan karatu na fili, da "ƙarfi" ragi ne ga ma'anarta. "Bayyanawa" ita ce daidai. A tajwidi ma kalmar tana da wata ma'ana ta uku. Harufan jahri da harufan hamsi ba a raba su da ƙarfin murya ba, an raba su ne da tsarewar numfashi ko gudanarsa lokacin furuci, shi ya sa mai karatu ƙasa-ƙasa ma dole ya ba kowane harafi haƙƙinsa.

Game da sunayen sautin kansu, Hausa ta fi yawancin masu fassara wadata. Sauti, wadda muka aro daga Larabci, ba ta ɗauke da yabo ko zargi, ita ta dace da bayanin kimiyya. Amo yana nuna sautin da ke da zurfi yana kuma daɗewa a kunne, kamar na ganga ko na ƙwarya. Ƙara sauti ce mai dukan kunne, ta inji ko ta bindiga ko ta fashewar taya. Hayaniya sai da taron mutane. Surutu yawan magana ne ko da ƙasa-ƙasa ake yinsa. Ihu da kururuwa neman ɗauki ne ko firgita, shi ya sa ake cewa ihu bayan hari. Kuwwa kira ne daga nesa, daga ita aka sami amsa-kuwwa. Guɗa ta farin ciki ce, raɗa kuma ta kunne ɗaya. Idan rahoto ya ce mazauna unguwa sun koka da "hayaniyar janareta", an sa wa inji baki. Ƙarar janareta ce, hayaniyar kasuwa, ihun 'yan kallo. A kanun labari kuma a guji haɗa "ƙara" ta ƙari da "ƙara" ta sauti da "ƙara" ta kotu a jimla ɗaya, tunda rubutunmu ba ya nuna kari. "An ƙara ƙarfin sauti" ta fi "an ƙara ƙara" sauƙin karantawa.

Inda muka fi son 'yan jarida su kula shi ne lissafin desibel, ma'aunin sauti da aka sa wa suna don tunawa da Alexander Graham Bell. Ba ya tafiya kamar mudu ko kilo. Raɗa tana wajen desibel 30, hira tsakanin mutum biyu tana wajen 60, kunne yana fara jin zafi daga wajen 120. Mai rubutu yakan ga 60 da 120 ya ce "ninki biyu". Kuskure ne babba. Duk ƙarin desibel 3 ninka kuzarin sautin ne sau biyu, duk ƙarin 10 ninkawa ne sau goma. Daga 60 zuwa 120 kuzarin ya ninka sau miliyan ɗaya. Amma kunne ba haka yake ji ba: sai an ƙara kusan desibel 10 kafin mutum ya ce abin ya ninka a jinsa. Janareta biyu masu desibel 80 kowanne idan aka kunna su tare 83 za su ba da, ba 160 ba, kuma mai saurare zai ce an ɗan ƙara ne kawai. Saboda wannan tazara tsakanin abin da na'ura ta auna da abin da kunne ya ji, masana suka ware musu sunaye dabam, har Stanley Stevens ya fito da ma'aunin "sone" a 1936 don auna jin kansa. A Hausa muna ba da shawarar a ce "matsin sauti" ga abin da na'ura ke aunawa, a bar "ƙarfin sauti" ga abin da mutum ke ji.

Amfanin wannan ya wuce gyaran kalma. Ƙa'idar da masu kula da lafiyar ma'aikata da yawa ke bi ita ce kada a wuce awa 8 a rana cikin desibel 85, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 100 minti 15 kacal. Zarton inji yana kaiwa 100, haka abin sauraron kunne na waya idan aka ƙure shi. Mai injin niƙa da mai walda da matashin da ke kwana da waƙa a kunne ba su da na'urar awo, don haka jimlar "a guji sauti mai ƙarfi" ba ta gaya musu komai, kowa yana ganin nasa bai kai ba. A ba su ma'aunin da za su iya gwadawa: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye nisan hannu ɗaya da kai ya ji ka, wurin ya kai haddin cutarwa. Idan ka fito kunnenka yana yi maka ƙara ko ka ji maganar mutane kamar daga cikin tulu, ya riga ya taɓu. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, cike da ƙananan ƙwayoyin ji masu gashi wajen 16,000, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa.

Ƙwayoyin da ke kama siraran sautuka su ne kan fara lalacewa, ko da ƙara ko da tsufa. Siraran sautukan magana kuwa su ne baƙaƙe irin su s da f da sh da ts. Wasula da karin sauti suna cikin kakkauran ɓangare, suna daɗewa ana jinsu. Shi ya sa dattijo zai ce "ina jin magana, ganewa ce ba na yi": an ce "sata" ya ji "fata", domin wasulansu da karinsu ɗaya ne, harafin farko kaɗai ya raba su, shi ne kuma ya ɓace masa. Jikoki sai su hau yi masa ihu. Ihu wasula yake kumburawa, ba ya ƙara wa s da f komai, kuma kunnen da ya lalace sau da yawa ba ya jure ƙarfi, sai dattijon ya ce "ba kurma ba ne ni, daina yi mini tsawa". Abin yi shi ne a kashe rediyo, a fuskance shi cikin haske yadda zai ga leɓe, a tsaya nisan mita ɗaya, a ɗan ɗaga murya kaɗan, a yi magana dalla-dalla. In bai gane ba a sauya kalmar maimakon maimaita ta. Mai yi wa likita tafinta shi ma kada ya tsaya a "ba ya ji". Ya tambaya: sautin ne ya yi nisa, ko yana zuwa amma a cakuɗe? Muryar mata da yara ce ta fi ɓace masa, ko ta maza? A cikin taro ne abin ya fi tsanani? Akwai ƙara a kunnen ko da wuri ya yi tsit? Kowace amsa hanya dabam take nuna wa likita.

Irin wannan cakuɗewar kalma ce ke sa a ƙure lasifika a masallatai da wuraren biki. Na sahun baya ya ce "ba ma ji", mai kula da na'ura ya murɗa maɓalli zuwa ƙarshe, alhali abin da mutumin ke nufi shi ne maganar ba ta fita tar. A fili, duk ninka nisa sau biyu yana rage desibel 6: lasifikar da ke ba da 100 a nisan mita ɗaya za ta ba da 94 a mita 2, 88 a mita 4, 82 a mita 8, 76 a mita 16. Kafin a gamsar da na ƙarshe da lasifika ɗaya an cutar da na gaba. Idan kuma aka tura na'urar fiye da ƙarfinta, sautin yana tsagewa, baƙaƙen su narke, a sami ƙara ba magana. Gyaran shi ne a sa ƙaramar lasifika ta biyu a tsakiyar wurin a rage ta farko, a rage kaurin sautin a ɗan ƙara sirantarsa, mai magana ya bar tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakanin bakinsa da makirufo. Lasifika ta kasance a gaban makirufo tana ba shi baya. In ta fuskance shi sautin zai riƙa komawa ciki yana zagayawa, shi ne kukan nan mai tsinka kunne. Kafin a taɓa maɓalli a tambayi na bayan: ƙarfi ne bai kai ba, ko fita ce ba ta yi?

Najeriya tana da dokar taƙaita ƙara tun 2009 a ƙarƙashin NESREA, hukumar kiyaye dokokin muhalli, kuma ranar 3 ga Maris ta kowace shekara Hukumar Lafiya ta Duniya tana fitar da saƙonni kan kiyaye ji, waɗanda jaridu da gidajen rediyo ke fassarawa. Ɗaya daga cikin shawarwarinta shi ne babba kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraron desibel 80, yaro kuma 75. Idan saƙon ya iso teburinka, Malam Edita, muna roƙon kada a rubuta "a saurara a hankali", kada kuma a rubuta "a rage sautin sama". A rubuta "a rage ƙarfin sautin waya zuwa inda za ka iya jin mai yi maka magana a gefenka, kuma a riƙa cire abin kunne ana hutawa".

Wassalam.

Naku,
Wasu malaman fassara da ma'aikatan kula da lafiyar kunne, Kano.